Zaren Gilashi Mai Ɗaukar Magana: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Idan mutum ya tsaya a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ya kira ɗan'uwansa da ke Makka a WhatsApp, yawancinmu mun ɗauka muryar ta sama take bi, ta tauraron ɗan'adam. Ba haka ba ne. Tafiyar da take yi a iska gajera ce: daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis, wani lokaci daga wannan ƙarfe zuwa na gaba. Daga nan sai a mayar da ita haske, a zura ta cikin wani zaren gilashi da ke binne a gefen titi, ta bi ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin teku. Fiye da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin da ke tsallakawa daga nahiya zuwa nahiya ta wannan zare suke bi. Ma'aikatan kamfanonin waya fayiba suke ce masa. Ga wasu daga abubuwan mamakin yadda aka ƙirƙiro shi da yadda ake ƙera shi.

Siriri, amma ya fi ƙarfe juriya

A raba milimita ɗaya gida takwas, kashi ɗaya shi ne kaurin zaren, wato ya ɗara silin gashi da kaɗan. Hasken ma ba duka zaren yake cikawa ba. A tsakiya akwai wata 'yar hanya, zuciyar zaren ke nan, wadda ko an raba milimita gida ɗari ba ta cika kashi ɗaya ba. Ta nan maganar duniya ke wucewa.

Mun san gilashi da saurin fashewa, amma sabon zare da bai sami ƙwarzane ba yana ɗaukar nauyin kilo biyar bai tsinke ba. Ya fi wayar ƙarfe mai kauri irin nasa juriyar ja, kuma ana iya naɗe shi a yatsa. Abin da ke karya gilashi ƙananan tsage ne a fatarsa, waɗanda ido ba ya gani. Shi ya sa a masana'anta ake lulluɓe zaren da roba tun kafin ya taɓa komai. Wani rawayan zare mai laushi da ake sakawa cikin kebul don ƙarin ƙarfi kuwa, da irinsa ake yin rigar sulke mai tare harsashi.

Daga dutse da yashi

Duwatsun Birnin Kudu sun yi suna saboda zanen shanu da mutanen zamanin da suka bari a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da kuma duwatsun nan masu amo in an buga su, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. In ka matsa kusa da irin waɗannan duwatsu za ka ga wasu ƙwayoyi farare masu sheƙi a jikinsu. Silika ke nan, kuma ita ce mafi yawan abin da ke cikin yashin da tifa ke kwasowa daga rafi. Zaren da ke ɗauke da intanet ɗin duniya, in ka cire ɗan abin da ake sa wa zuciyarsa, silika ce zalla. Ba zinariya, ba azurfa, ba tagulla.

Wahalar tana wajen tsarkakewa. Ka dubi bakin gilashin taga ta gefe, za ka ga ya yi kore-kore. Ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka ne ya ba shi wannan launi, kuma shi ne ke shanye haske. A zaren sadarwa dole irin wannan dauɗa ta gaza kashi ɗaya cikin biliyan. Da ruwan teku yana da tsabtar wannan gilashi, hasken da ake aikawa cikin zaren zai sauka har ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a tekun duniya, kusan kilomita 11, da fiye da rabin ƙarfinsa.

Yadda ake tsare haske

Haske ba ya shan kwana da kansa. Dabarar ita ce a yi zaren hawa biyu, zuciya da riga, dukkansu gilashi, amma haske ya fi jinkiri a zuciyar da ɗan ƙanƙanin abu, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duk sa'ad da hasken ya nufi fita a karkace, iyakar da ke tsakanin zuciya da riga sai ta mayar da shi ciki gaba ɗaya. Zaren ya lanƙwasa, hasken ya bi shi. Gudunsa a ciki kusan kilomita 200,000 ne a daƙiƙa. Daga Birnin Kudu zuwa Kano bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba.

Ƙa'idar karkatar haske idan ya fita daga wani abu ya shiga wani, Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Turawa su sake gano ta. Ibn al-Haisam kuma ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2015 ta zama shekarar haske, cikin abubuwan da aka tuna akwai cikar aikin Ibn al-Haisam shekara dubu, da cikar aikin Charles Kao kan zaren gilashi shekara 50. Ya kamata ɗalibanmu su san waɗannan sunaye biyu tare.

A 1841, a birnin Jeniba na Suwizalan, wani malami mai suna Daniel Colladon ya huda tankin ruwa, ya haska fitila ta bayan hudar. Ruwan ya tsarto ya lanƙwaso ƙasa, hasken ya biyo shi. Shekaru da yawa ba a ga amfanin abin ba sai ƙawata gidajen wasa da maɓuɓɓugan ruwa. Malamin kimiyya a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ko wata sakandare a Gwaram zai iya nuna wannan gobe da safe: gorar ruwa ta roba, ƙusa, 'yar fitilar leza irin ta maƙallin makulli, da aji mai duhu. A kiyaye dai kada a haska wa yaro a ido. Gwaji ne mai araha, kuma wanda ya gani da idonsa ba ya mantawa.

Alexander Graham Bell, mai tarho, ya aika murya a kan hasken rana a 1880, nisan mita 200 da 'yan kai. Shi a ganinsa wannan ƙirƙira ta fi tarho girma. Amma da hadari ya rufe rana, magana ta yanke.

Kwari da baka a ɗakin gwaji

A 1887 wani malamin kimiyya a Landan, Charles Vernon Boys, yana neman zaren gilashi siriri ƙwarai don ma'auninsa. Hannu ba ya iya ja da saurin da ake bukata kafin gilashin ya daskare. Sai ya yi ɗan ƙaramin baka, ya liƙa narkakkiyar silika a gindin kibiya, ya harba ta tsallake ɗakuna. Kibiyar ta bar zare a bayanta, sirantarsa ta kai ido ba ya ganinsa sai da ƙyar.

Jan gilashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife, masanin tonon tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya tono dubban duwatsun ado na gilashi da tukwanen narka shi, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Awon da aka yi ya nuna da kayan ƙasar wurin aka haɗa gilashin, ba shigo da shi aka yi ba. Masu aikin suna jan narkakken gilashi ya yi tsawo da rami a ciki, sannan su yanyanka shi. A Bida kuwa, Masaga sun daɗe suna haɗa nasu gilashin da yashi da kanwa, suna yin awarwaro da tsakiya, ko da yake yau sun fi narka kwalabe.

Likitoci ne suka riga masu waya

Waɗanda suka fara matsa wa zaren gilashi lamba ba masu sadarwa ba ne, likitoci ne da ke son leƙa cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Da, da miƙaƙƙen bututun ƙarfe ake zura wa majinyaci ta maƙogwaro. Aka ce to a ɗaure zaruruwa da yawa wuri ɗaya, kowane ya ɗauko ɗigo ɗaya na hoton. Matsalar ita ce duk inda zare ya taɓa ɗan'uwansa haske sai ya zurare. Aka shiga neman rigar da za a sa masa. Wani mutumin Denmak, Holger Møller Hansen, har man shafa wa burodi ya gwada. Abraham van Heel na Holan ya gwada kakin zuma da roba. A 1954 aikinsa da na Harold Hopkins da ɗalibinsa Narinder Singh Kapany, ɗan Indiya, suka fito a mujalla ɗaya.

Wanda ya warware matsalar ɗalibi ne da ko digirin farko bai gama ba. Larry Curtiss na Jami'ar Mishigan a Amurka ya ce a yi wa gilashi riga da gilashi. Manya suka ce zai fashe. A watan Disamba na 1956, da malaminsa ya yi tafiya, ya zura sandar gilashi cikin bututun gilashi, ya narka su tare, ya ja. Zaren ya fito lafiya. A Fabrairun 1957 likitan da yake wa aiki, Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu, ya haɗiye na'urar da kansa kafin ya sa wa wani majinyaci. In yau likita a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ya rubuta wa mai gyambon ciki a leƙa tumbinsa, jikanyar waccan na'ura za a zura masa. Sababbin suna da kyamara a baki, amma a yawancinsu har yanzu zaren gilashi ne ke kai fitila ciki.

Mita 20, kilomita 1, kilomita 100

A farkon shekarun 1960, in ka zuba haske a zare mafi kyau, bayan mita 20 kacal kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage. Ya isa leƙa ciki, bai isa waya ba. Manyan kamfanoni suka yanke ƙauna, suka koma gwajin bututai masu rami. Charles Kao, haifaffen Shangai a 1933, yana aiki a wani ɗakin bincike a garin Harlow na Ingila. A 1966 shi da George Hockham suka wallafa cewa laifin ba na gilashi ba ne, na dauɗar da ke cikinsa ne, kuma in aka tsarkake shi har kashi ɗayan nan ya kai kilomita guda, za a iya waya da shi. Ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa yana roƙon masu gilashi su gwada. Kaɗan ne suka saurare shi.

Kamfanin Corning na Amurka, wanda ya hura wa Thomas Edison ƙwan fitilarsa, ya saurara. Mutum uku, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka yi shekara huɗu suna fama. Wata Juma'a da yamma a watan Agusta na 1970, Keck ya gwada sabon zare, haske ya fito garau. Ya rubuta kalmar murna a littafin aikinsa, ya fita neman wanda zai gaya wa, mutane sun tashi. Lissafi ya nuna kashi biyu cikin ɗari zai kai kilomita. Zaren farko yana da saurin karyewa, amma a 1972 suka canja abin da suke sa wa zuciyarsa zuwa wani ma'adini, jamaniyam, sai kashi 40 ya kai. A 1979 masu binciken kamfanin NTT na Japan suka yi zaren da kashi 95 ke kaiwa kilomita, wato sai an yi kilomita 100 kafin hasken ya ragu zuwa kashi ɗaya.

Kao bai sami lambar Nobel ba sai 2009, shekara 43 bayan takardarsa. A lokacin ciwon mantuwa na tsufa ya riga ya kama shi, matarsa Gwen ce ta karanta jawabinsa. Ya rasu a 2018.

Gilashin da ake yi da hayaƙi

Wannan ne ya fi komai ba ni mamaki: ba a narka yashi don yin zaren. Duk tukunyar da ka narka a ciki za ta zuba masa dauɗarta. Abin da ake yi shi ne a fitar da silikon daga silika, a haɗa shi da kulorin, sai ya zama ruwa garai-garai mai saurin tashi. Ruwa kuwa ana iya tace shi ta hanyar turara shi, a bar ƙarfe da sauran dauɗa a baya. Sai a busa tururinsa cikin harshen wuta, ya ƙone, ya zama farar kunkunniya. Wannan farar toka gilashi ne tsarkakakke. Wani masanin Corning, Frank Hyde, ya gano dabarar tun 1934 da wutar walda, shekara 36 kafin a san za ta ɗauki magana.

Hanyoyin tara kunkunniyar uku ne suka fi shahara. Corning suna feshe ta a bayan wata sanda mai juyawa, hawa kan hawa, daga baya su zare sandar. John MacChesney da abokan aikinsa a ɗakin binciken Bell sun fito da tasu a 1974: a busa tururin cikin bututun gilashi mai juyawa, wuta tana kai da kawowa a waje, gilashi yana taruwa a ciki, a ƙarshe a ƙara wuta bututun ya haɗe. Tatsuo Izawa na Japan ya zo da ta uku a 1977, inda ake feshin a ƙasan sanda ana jan ta sama, tana ƙara tsawo yadda ake so.

Babban abokin gabar aikin ruwa ne. Ɗan danshin da ya maƙale cikin gilashin yana shanye haske, don haka sai an busar da kunkunniyar da iskar kulorin kafin a gasa ta ta koma sanda garau mai kauri.

Daga nan sai hasumiya. Ana ɗaga sandar zuwa saman gini mai hawa da yawa, a sa bakinta cikin tanderu mai zafin digiri 2,000. Bakin ya yi laushi, wani gudan gilashi ya ɗigo, ya faɗo yana jan zare a bayansa. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi ya ga aikin: auduga a sama, mazari yana sauka, zare yana fita tsakani. Bambancin shi ne a nan leza ce ke auna kaurin zaren dubban sau, na'ura tana ƙara gudu ko ragewa, iskar hiliyam tana sanyaya shi, ana shafa masa roba a busar da ita da haske, duk yana cikin gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Siffar zuciya da riga da ke cikin ƙatuwar sandar tana nan daram a cikin siririn zaren, ba ta cakuɗe ba. Babbar sanda guda tana ba da dubban kilomita, ta isa a ja zare daga Legas zuwa Gwaram a koma, da saura. Kuma kowane mita sai an ja shi da ƙarfi an gwada kafin a sayar.

Jamaniyam ɗin nan da ake sa wa zuciyar zaren yawancinsa daga Sin yake fitowa. A 2023 Sin ta sa takunkumin neman izini kafin a fitar da shi, masana'antun duniya suka shiga lissafi.

Ƙarƙashin teku

A 1977 aka fara sa kiran jama'a a zaren gilashi, a Kalifoniya da Shikago. A 1988 kebul na farko irinsa ya tsallake Tekun Atilantika, yana ɗaukar kira 40,000 lokaci guda. Kafin a shimfiɗa shi, a gwajin da aka yi a tsibiran Kanari, an tarar da haƙoran kifin shak a jikin kebul, dole aka ƙara masa sulke. Duk da haka, ba kifi ne ya fi yanka su ba, ƙugiyar tsayar da jirgi ce da komar manyan masunta. A tsakiyar teku kaurin kebul ɗin wajen santimita biyu ne kawai.

Haske yana gajiya a hanya. Da, sai an mayar da shi lantarki a ƙarfafa shi sannan a sake mayar da shi haske. A 1987 David Payne da abokansa a Jami'ar Southampton ta Ingila suka nuna cewa in aka sa wa 'yan mitoci na zare wani ma'adini, arbiyam, aka haska masa wata leza, hasken da ya shigo a gajiye zai fita da ƙarfinsa. Wannan ya buɗe ƙofar aika launuka da yawa a zare ɗaya, kowane launi da saƙonsa. A 2024 wata cibiyar bincike ta Japan, NICT, ta tura kusan gigabait 50,000 a daƙiƙa ɗaya cikin zare guda irin wanda ake sayarwa a kasuwa. Mai sayen data giga ɗaya ya lissafa.

Nijeriya ta daɗe da kebul ɗaya tilo, SAT-3, a hannun NITEL. A 2010 injiniya Funke Opeke ta jawo MainOne daga Fotugal zuwa Legas, kilomita 7,000, Glo-1 kuma, wanda ya taso daga Ingila, ya fara aiki a shekarar. A 2022 na Google ya sauka Legas, da sunan Olaudah Equiano, wanda aka tsallakar da shi teku yana bawa, ya 'yantu, ya rubuta tarihinsa a 1789. Na 2Africa, mai tsawon kilomita 45,000, ya zagaye nahiyar, ya sauka har Akwa Ibom.

Ranar 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, kebul huɗu suka yanke a tekun Kwaddibuwa. Bankuna suka rikice, masu POS suka zauna jugum daga Legas har Jigawa. MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a gindin teku. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai jirgi na musamman ya zo ya jefa ƙugiya, ya jawo bakunan biyu sama, a haɗa su zare bayan zare.

Uku a gurguje

Akwai wata halittar soso a zurfin teku da ke saƙa wa kanta zaren gilashi mai zuciya da riga, cikin ruwa mai sanyi, ba tanderu. Masu binciken Bell sun bayyana haka a 2003, kuma zarenta har ƙulli ake yi masa bai karye ba. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

A 2024 an ja fiye da kilomita 11 na wani nau'in zaren gilashi a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, domin inda babu nauyi gilashin ya fi daskarewa sumul.

Sabon yayi kuma zare ne mai rami, haske yana bi ta iska a tsakiyarsa, ya fi gudu da kusan rabi. Kamfanin Microsoft ya sayi masu ƙera shi na Ingila a 2022.

Mu kuma fa?

A 2022 kamfanin Coleman ya buɗe masana'antar kebul ɗin fayiba a Arepo, jihar Ogun, da haɗin gwiwar Corning. Ci gaba ne, amma a bambance: haɗa kebul daban, jan zaren gilashin daban. Jigawa kuwa ta fara da wuri. Zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, tun wasu jihohi ba su farka ba.

A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 a kan kusan 35,000 da ake da su, ƙarƙashin minista Bosun Tijani. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu tana da mutum fiye da 300,000, Gwaram fiye da 270,000, su ne kan gaba a Jigawa. A ganina ma'aunin wannan aiki ba Abuja ba ce, ba ma Dutse ba: ko zaren ya isa Basirka da Fagam da Kila, ya shiga makaranta da asibiti, ko bai isa ba. Kilomita guda na zaren tsura 'yan daloli ne a kasuwar duniya. Kuɗin yana tafiya ne wajen haƙa rami da kuɗin izinin hanya, wanda aka tsayar a naira 145 kowace mita, wasu jihohi kamar Kaduna ma suka yafe shi. Wannan ɓangare a hannun hukumominmu yake.

Magana ga masu haƙa

A 2011 ƙasar Armeniya ta yi awanni ba intanet, aka zargi wata tsohuwa 'yar shekara 75 a maƙwabciyarta Jojiya da sare kebul tana neman tagullar sayarwa. A nan gida, hukumar NCC ta ce an yanke fayiba fiye da sau 50,000 a 2024, kusan 30,000 daga ciki wajen aikin titi. A shekarar ce aka sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Masu gyara suna da na'urar da ke tura haske cikin zaren, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta faɗi a mita ta nawa aka yanke. Sai su tono, su feƙe bakunan, wata na'ura ta daidaita zuciya da zuciya ta narke su da tartsatsin lantarki. Kebul mai zare 48, sau 48 za a yi haka, a bakin titi, ko rana ko ruwa. Duk tsawon lokacin nan mai tura kuɗin magani yana jira, mai rajistar jarrabawa yana jira.

Don haka, 'yan'uwa masu jari-bola, kebul ɗin fayiba da ke binne a gefen titi babu tagulla a cikinsa. Gilashi ne da roba, ba mai saye. Kada kuma a leƙa bakin wanda ya yanke, domin hasken cikinsa ido ba ya ganinsa amma yana iya lahanta ido, kuma ɓurɓushinsa yana shiga fata. Mai gina shago a bakin titi, da mai haƙa kwata, da direban katafila, in kun ga 'yan turakun siminti masu alama ko jan ƙyallen gargaɗi a cikin rami, ku dakata ku kira kamfanin. Masu unguwanni da dagatai na Birnin Kudu da Gwaram, a taimaka a sanar da wannan a masallatai da ranar kasuwa.